Yadda ake cajin batirin LiPo da adana shi a zafin Sakkwato

Duk wanda ya sayi jirgin sama mai rimot, ko motar tsere irin wadda ake tuƙawa daga nesa, ko jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoton biki, to akwai yiwuwar ya shigo da batirin LiPo, wani nau'in batirin lithium, gidansa. Batir ne mara nauyi da ke iya fitar da wuta mai yawa a lokaci guda, shi ya sa ake sa shi a abin da zai tashi sama. Sai dai ba shi da gwangwanin ƙarfe irin na batirin tocila. A cikin 'yar jaka mai laushi ta alminiyom aka naɗe shi, kuma ruwan da ke cikinsa yana kama wuta. Takardar da ake haɗo shi da ita an rubuta ta ne domin mutanen da ɗakinsu ke zama a digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, inuwa kanta takan haura digiri 40 da rana, alhali iyakar zafin da masu ƙera shi suka yarda a yi masa caji a ciki digiri 45 ne. Tazarar da ta rage mana kaɗan ce ƙwarai, don haka sakacin da wani zai yi a Ingila ya tsira, mu nan ba lallai mu tsira da shi ba.

Fara karanta jikin batirin

Kafin ka jona komai, ɗauki batirin ka duba lambobin da ke jikinsa. Ta farko ita ce mai harafin S, wadda ke faɗa maka sel nawa, wato ƙananan batura nawa, aka jera a ciki. Kowane sel ɗaya ana rubuta masa bolt 3.7, idan ya cika maƙil yana kai 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba ko yana cikin aiki. Saboda haka 2S bolt 7.4 ne, ya cika a 8.4, 3S bolt 11.1 ne, ya cika a 12.6, 4S kuwa 14.8 ne, ya cika a 16.8. Akwai wani iri da ake rubuta wa LiHV, shi yana cika a 4.35 kowane sel, kuma yana da nasa wurin daban a caja. Kada ka yi wa LiPo na yau da kullum caji da tsarin LiHV.

Lamba ta biyu ita ce mAh, wato yawan wutar da yake ɗauka. Daga ita ake fitar da ƙarfin cajin: raba ta da dubu. Batir mai 2200mAh, amfiya 2.2, mai 1300mAh, amfiya 1.3, mai 5000mAh, amfiya 5. Wannan shi ake kira 1C. Za ka ga wasu batura an rubuta za su jure cajin 2C ko ma 5C. Ra'ayina shi ne ka bar wa masu sanyin gari wannan. Saurin caji zafi yake ƙarawa, mu kuwa zafi ba shi muka rasa ba.

Lamba ta uku, irin su 30C ko 75C da ake rubutawa da manyan haruffa, ta fitar wuta ce ba ta caji ba. Mai 2200mAh da 30C yana nufin zai iya ba da amfiya 66. Kamfanoni da yawa suna zuzuta wannan lambar, kada ka ɗauke ta kamar yankan wuƙa, kuma kada ka taɓa sa ta a caja.

Idan sabon batir ne aka aiko maka daga Legas ko Kano, ya sha zafin but na mota a hanya. Auna shi ranar da ya iso. Kowane sel ya kamata ya nuna kusan 3.8, kuma su yi kusa da juna. In ɗaya ya nuna 3.8 ɗaya kuma 3.2, ko ka ga jikin ya ɗan taso, yi wa mai kayan magana tun kafin ka jona shi.

Kayan da za ka tanada

Caja mai daidaita sel-sel ita ce ta farko. Wadda ta fi yawa a hannun mutane ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC, kuma jabunta sun cika kasuwa. Jabu takan yi kuskuren awo, ta kai sel 4.3 tana nuna maka 4.2. Arha ba ta ado. In ba ka tabbatar da taka ba, ari mita wurin mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola, ka auna kowane sel bayan caji ka gwada da abin da cajar ta nuna. Akwai kuma na ISDT da HOTA da ToolkitRC ga mai hali.

Sai wani ɗan abin gwaji da ake soka wa ƙaramin farin fulogin da ke jikin batir, mai nuna bolt na kowane sel kuma ya yi ƙara idan wuta ta yi ƙasa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amfaninsa kuwa kullum ne.

Na uku wurin da batirin zai zauna lokacin caji. Ana sayar da jaka ta musamman da ba ta saurin cin wuta, tana da amfani, amma ba ta riƙe babban batir in ya tashi da gaske. Abin da ya fi sauƙi a garin nan shi ne tukunyar ƙasa mai kauri, busasshiya, wadda ba ta taɓa zama da ruwa kwanan nan ba. Zuba yashi busasshe kamar kaurin yatsu uku a gindinta, ka ɗora batirin a kai, ka rufe da murfin ƙasa ko guntun tayil, ka bar kafar da wayoyi za su fita. Kada ka toshe ta ruf. Batirin da ya kama wuta iska mai yawa yake fitarwa, in ba ta sami hanya ba sai tukunyar ta tarwatse. A gefe kuma ka ajiye bokitin yashi cike.

Wuri da lokaci

A nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa, don haka bari in daɗe a kai. Kowa ya san yadda wuta take a gari: sau da yawa sai dare ya raba take zuwa. Mutum ya farka, ya jona waya, ya jona fitila, ya jona batirin jirgi a gefen katifa, ya koma barci. Waya tana da na'urar kariya a cikinta da ke yanke caji. Batirin LiPo na motar tsere ko jirgin da aka haɗa da hannu ba shi da komai a ciki sai sel da waya. Kariyarsa duka tana ga caja da idon mai shi. In caja ta yi kuskure kana barci, hayaƙi ne zai tashe ka, in an yi sa'a. Doka ta farko ke nan: ba a cajin LiPo sai ana zaune kusa da shi, ido biyu. Ba ka jona ka tafi masallaci ba, ba ka jona ka ce wa yaro ya duba maka ba.

To yaya za a yi da rashin wuta? Yawancin cajojin nan da batirin mota suke aiki kai tsaye. iMAX B6 tana karɓar bolt 11 zuwa 18, don haka batirin sola mai bolt 12 ko batirin mota ya ishe ta. Wannan ya 'yantar da kai daga jiran wuta, kuma ya raba ka da hawa da saukar wutar janareta. In da batirin mota za ka yi, buɗe bonet, ka ja wayar ka ajiye caja da batirin a ƙasa nesa da motar. Ba a caji a kan kujera ko a cikin but. Ka kuma lura kada ka zuƙe batirin motar har ta ƙi tashi. Cajojin suna da wurin saita iyakar da za su tsaya in wutar da ke shigo musu ta yi ƙasa, bar ta a kusan bolt 11.

Lokacin da ya fi dacewa a bazara shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Da yamma iska takan yi sauƙi amma ɗakin kwano yana riƙe zafinsa har bayan isha'i, siminti ma haka. Nemi inuwa mai iska, baranda ko zaure, a kan siminti ko ƙasa, nesa da tabarma da labule da katifa. Abu ɗaya da nake yawan gani a gidajenmu shi ne soket ɗin da ya fi ƙarfi yana kusa da inda janareta yake, jarkar fetur kuma tana nan gefensa. Nan ne wuri mafi muni a gidan gaba ɗaya.

Cajin kansa

Taɓa batirin da bayan hannunka. In yanzu ya sauko daga aiki yana da ɗumi, bar shi a inuwa ya huce, minti ashirin zuwa talatin, ko fiye in rana ta take. Duba jikinsa: babu kumburi, babu lotsawa, babu wurin da rigar waya ta yage, babu wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce. Wannan ƙamshin alama ce jakar ta huje.

Kunna cajar tukuna. Soka wayoyin caji a jikin cajar kafin ka jona batir a ɗaya bakin, ja a ja, baƙi a baƙi. Dalili shi ne in ka fara jona batirin, kawunan ƙarfen nan biyu da ke lilo suna ɗauke da wutarsa duka, da sun taɓa juna sai tartsatsi, har su narke. Daga nan jona babban fulogin batirin, wanda galibi rawaya ne irin XT60, sannan ka soka ƙaramin farin fulogin mai siraran wayoyi a ramin da ya dace da yawan sel ɗinsa.

A fuskar cajar zaɓi LiPo, ba NiMH ba, ba Pb ba, waɗannan tsarin wasu irin batura ne daban. Tsarin NiMH bai san tsayawa a 4.2 ba, zai yi ta tura wuta har batirin ya fashe. Sannan zaɓi inda aka rubuta BALANCE. Sa amfiya bisa lissafin da muka yi, sa yawan sel, ka danne maɓallin farawa. iMAX B6 za ta auna ta nuna maka lambobi biyu, abin da ta gani da abin da ka sa, misali 3SER da 3SER. In sun saɓa, kada ka tabbatar. Cire ka sake dubawa.

Me ya sa kullum sai da farin fulogin? Sel-sel ɗin da ke cikin batir ɗaya kamar shanun huɗa ne a karkiya guda, ba dole ƙarfinsu ya zo daidai ba. In caja jimilla kawai take gani, 12.6 na iya zama 4.2 sau uku, yana kuma iya zama 4.0 da 4.2 da 4.4. Jimilla ta yi daidai amma sel na ukun ya wuce iyaka, kuma shi zai fara kumbura. Ta farin fulogin ne cajar ke ganin kowanne daban, ta rage wa wanda ya yi gaba har na baya ya iso.

Yayin da caji ke tafiya za ka ga bolt yana hawa, amfiya tana tsaye. Da ya kai 4.2 kowane sel, sai bolt ya tsaya amfiya ta fara sauka a hankali har cajar ta yi ƙara. Wannan daidai ne, ba lalacewa ba ce. Batirin da aka yi aiki da shi yakan ɗauki kusan awa guda a 1C. In babban batir ne kuma ka ga cajar ta ƙi ba da amfiyar da ka sa, ƙarfinta ne ya ƙare: wat 50 a kan 3S bai wuce kusan amfiya 4 ba. Lokaci-lokaci danna ka ga bolt na kowane sel, ka kuma taɓa batirin. A 1C bai kamata ya yi zafin da ya fi na wurin ba. In ya yi zafi ko ya fara tasowa, tsayar nan take, ka fitar da tukunyar waje. Idan caji ya ƙare, bambancin sel-sel ya zama 0.01 zuwa 0.03. Wanda kullum yake barin tazarar 0.1 ko fiye, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Akwai allon da ake jona batura da yawa a yi musu caji tare. Mai farawa ya bar shi tukuna.

A fili

Ɗauki baturan a jaka ka ajiye su a inuwa. Motar da aka rufe a rana cikinta kan wuce digiri 60, kuma wannan ya kai iyakar abin da LiPo ke jurewa. Masu ɗaukar hoton biki su fi kowa kula da wannan, domin su ne ke barin jakar kaya a mota daga ɗaurin aure har zuwa walima. Baturan DJI, kamfanin da ke ƙera jirage marasa matuƙi, suna da na'urar kariya a ciki, suna daidaita kansu, har sukan rage wa kansu caji in an ajiye su kwanaki, amma sel ɗin da ke ciki zafi yana cin su kamar kowane. (Maganar izinin tashi da jirgi mara matuƙi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro wata magana ce daban, amma a halin da yankinmu ke ciki, kada ka raina ta.)

Kada ka tsotse batir sai ya mutu. Saita abin ƙarar nan a bolt 3.5 kowane sel, da ya yi kuka ka sauko ko ka tsayar da motar. Bayan ya huta 'yan mintoci zai koma kusan 3.7, nan ne daidai. Wata hanyar dubawa: in ka sake caji, wutar da cajar ta mayar kada ta wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta, wato kusan 1760mAh ga mai 2200. Na'urar ESC da ke raba wa inji wuta tana da nata wurin yankewa, amma sau da yawa a ƙasa sosai aka saita shi, ba abin dogaro ba ne. Da ka gama, zare batirin daga jikin abin. Ko a kashe yake, wasu na'urorin suna ci gaba da jan wuta kaɗan-kaɗan, kwana biyu sai ka tarar da shi fanko.

In jirgi ya faɗo ko mota ta daki bango, cire batirin ka ajiye shi a kan yashi a fili, ka sa masa ido aƙalla rabin awa. Rauni na ciki yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna. Da hunturu kuwa matsalar ƙura ce: hure fulogi kafin jonawa, domin datti a bakin fulogi yana sa shi zafi.

Ajiya

Batir cike maƙil da aka ajiye a ɗaki mai zafi yana tsufa da sauri ko ba a taɓa shi ba. Wannan ne sanadin yawancin kumburin da mutane ke kuka da shi, su ce wanga batir ko sau goma ba a yi aiki da shi ba. In ba za ka yi amfani da shi yau ko gobe ba, sa shi a caja ka zaɓi STORAGE, za ta kai kowane sel 3.8 zuwa 3.85 ta tsaya. Daga fanko zuwa nan ba ya daɗewa. Daga cike kuwa iMAX B6 tana jan awanni saboda wat 5 kawai take iya zubarwa, don haka ya fi sauƙi ka sa shi a mota ko jirgin ka ɗan yi wasa da shi, sannan cajar ta ƙarasa. A bazara ni ban yarda a kwana da cikakken batir ba in akwai yadda za a yi. Yi caji da safen ranar da za ka fita.

Ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, cikin tukunyar nan ko akwatin ƙarfe mai kafar iska da aka shimfiɗa wa yashi ko tayil. Ɗakin soro ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Firij ba ya da amfani a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, domin batirin zai yi ta gumi, laima ta shiga fulogi. Rufe bakin fulogi da murfinsa ko tef, kada makulli ko ƙusa su haɗa shi. Duk wata ɗaya ko biyu ka auna.

Mai tafiya ta filin jirgi na Sultan Abubakar III ya sani cewa batirin da ba ya jikin na'ura a jakar hannu ake shiga da shi, ba a kayan da ake aunawa ba. Har zuwa 100Wh, wato wat-awa 100, ba ya buƙatar izini na musamman. Daga nan zuwa 160Wh sai kamfanin jirgin ya amince. Lissafin shi ne bolt sau amfiya-awa: 3S mai 2200mAh kusan 24Wh ne.

In ya kumbura, ko ya kama

Batirin da ya kumbura ba ya komawa. Kada ka danne shi da dutse, kada ka sa shi a firij wai ya sace, kuma ko da wasa kada ka soke shi da allura don iskar ta fita. Haka wanda ya sauka ƙasa da bolt 2.5 a sel: za a ce maka kai wa mai gyaran waya ya tada shi. Yana iya tashi, amma in ya sauka ƙasa sosai jan ƙarfen da ke ciki yana iya fara narkewa, kuma in aka sake caji yakan taru ya haɗa ciki da ciki. Irin wannan ne ke kamawa ba gargaɗi.

Idan ya kama, da farko za ka ji huci, farin hayaƙi mai kauri ya biyo, sannan harshen wuta, sel ɗaya bayan ɗaya. Kashe soket daga bango in hannunka zai kai lafiya, juye masa bokitin yashi, ka fitar da kowa daga ɗakin. Hayaƙin guba ne, kada ka tsaya kallo a cikinsa. Ruwa mai yawa yana sanyaya shi kuma yana hana kayan gefe kamawa, amma sai an raba cajar da wutar gida tukuna. Ko ya yi shiru kada ka ɗauka da hannu, sel ɗin da ya rage yana iya tashi bayan mintoci.

Wanda ya ƙare aiki kuma ba a jefa shi a bola da wuta a cikinsa, domin bolarmu ƙona ta ake yi, kuma yara da 'yan jari-bola suna tona ta. Fitar da shi waje, ɗora a kan yashi, ka jona masa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 in 2S ne ko 3S. In 4S ne jona ƙwai biyu a jere a lokaci guda, wutar ta bi ta cikin na farko ta shiga na biyu. Bar shi har ƙwan ya mutu, ka ƙara masa kwana guda a jone, sannan ka auna ka ga sifili. Jiƙa shi a ruwan gishiri da wasu ke yi ba abin dogaro ba ne, gishirin kan cinye bakin ƙarfen kafin wutar ciki ta ƙare. Da ya nuna sifili, yanke fulogin waya ɗaya bayan ɗaya, ba duka biyu a yanka guda ba, ka feƙe bakin ja da baƙi ka murɗe su tare, ka naɗe da tef, ka kai wa masu karɓar tsofaffin batura ka faɗa musu na lithium ne. Fulogin XT60 da ka yanke ka ajiye shi, zai yi maka aiki a wata wayar caji.